Yadda ake zaɓar antibodin SUMO, a shirya samfuri, a kuma tabbatar da abin da ya fito a bulot

SUMO ƙaramin furotin ne da ƙwayar halitta ke ɗaura wa wasu furotin a kan amino asid ɗin laisin, irin ɗaurin da take yi da yubikwitin, wani ƙaramin furotin makamancinsa. An gano shi a 1996 manne da RanGAP1, furotin da ke zaune a bakin ƙofofin cibiyar ƙwaya. SAE1/SAE2 ne ke kunna shi, Ubc9 ya karɓa ya ɗaura, masu taimako irin su PIAS da RanBP2 kuma su nuna inda ɗaurin zai zauna. Manyan masu kwancewa su ne dangin SENP, guda shida a jikin ɗan Adam: SENP1, 2, 3, 5, 6 da 7.

Daga wajen masu kwancewar nan yawancin wahalar aikin ke fitowa. A kowane lokaci kaso kaɗan ƙwarai na furotin ɗin da ake bincike ne ke ɗauke da SUMO, kuma da zarar an fasa ƙwaya a cikin ruwa mai laushi, SENP za su kwance ɗan abin da ke akwai cikin mintuna. Sai bulot, wato takardar da ake juye furotin a kanta bayan an rarraba su a jel don a gano su, ya fito fayau, a rataya wa antibodi, furotin ɗin da ake gano SUMO da shi, jakar tsaba, a sake kashe kuɗi a sayo wani, alhali tun a faranti samfurin ya lalace.

Wane SUMO ake nema

Bayan an datse wutsiyarsu glaisin biyu na ƙarshe sun bayyana, SUMO2 da SUMO3 amino asid uku kacal ne suka bambanta su. Shi ya sa ake rubuta SUMO2/3 a jikin kwalba, kuma duk kamfanin da ya ce nasa antibodin SUMO3 kaɗai yake gani, a nemi ya nuna shaida da furotin tsantsa. SUMO1 kuwa kusan rabi kawai ya yi kama da su, halinsa ma daban ne. Mafi yawan SUMO1 a ɗaure yake, babban kaso a jikin RanGAP1. SUMO2/3 yana da tari mai yawa da ke zaune a sake, sai ƙwaya ta shiga matsi, na zafi ko na guba, sannan ya ɗauru da sauri, har ya yi sarƙa ta laisin na 11.

SUMO4 ya fi rikitarwa. Yana da furolin a gurbi na 90 wanda ke hana a datse wutsiyarsa yadda ya kamata. Wani bincike daga Jami'ar Birmingham ta Birtaniya a 2022 ya gwada antibodi monokulonal (masu fitowa daga kulon ɗaya, wato zuriyar ƙwaya ɗaya) guda 24 na SUMO, ya tarar duka guda huɗu da ake sayarwa da sunan SUMO4 suna kama SUMO2/3. Binciken ya kuma nuna ba ƙarfinsu ɗaya ba wajen ganin SUMO a sake, da SUMO ɗaya a ɗaure, da sarƙa. Don haka wanda ya yi kyau a aikin wani ba lallai ya yi a naka ba.

Guda biyu da aka fi sanin halinsu su ne 21C7 na SUMO1 da 8A2 na SUMO2/3, duka daga ɓera, duka daga aikin masanin kimiyya Michael Matunis. Ana samun su da araha a ma'ajiyar DSHB ta Jami'ar Iowa a Amurka. An san ainihin gurbin da kowannensu ke kamawa, wato jerin amino asid ɗinsa: VPMNSLRFLFE a SUMO1, IRFRFDGQPI a SUMO2/3. Wannan sanin yana da amfani babba, za mu zo kansa. Idan wani antibodi daban za a saya, a karanta takardarsa a ga da wane yanki na furotin aka yi wa dabbar allura. Wanda aka yi da wutsiyar da ake datsewa SUMO ɗanye kawai zai gani, ba zai taɓa ganin wanda ya ɗauru ba. A kuma kula da abin da ake tallatawa da sunan antibodin tambarin SUMO: yawancinsa na Smt3 ne, SUMO na yisti da ake liƙa wa furotin don samar da shi a cikin bakteriya, ba shi da amfani ga ƙwayar ɗan Adam ko ta ɓera.

Fasa ƙwayoyin

Nan ne aikin ke gyaruwa ko ya ɓaci. Haɗin maganin hana narkewar furotin da aka saba jefawa a ruwan fasawa ba ya tsayar da SENP. Abu biyu ne ke tsayar da su: sinadarin NEM, wanda ke toshe sistiyin ɗin da suke yanka da shi, da sabulun SDS mai zafi, wanda ke warware su gaba ɗaya. A yi amfani da duka biyun.

NEM a ranar aiki ake haɗa shi. A auna 50 mg a narkar a 1 ml na etanol, ya ba da 0.4 M, sannan a zuba kashi ɗaya cikin ashirin a ruwan fasawa ya zama 20 mM. Guba ne, a sa safar hannu, a auna shi a cikin akwatin zuƙe iska. Abu biyu ke kashe ƙarfinsa. Na farko ruwa mai pH sama da 7.5, inda yake rushewa da sauri har ya fara taɓa wasu amino asid da ba sistiyin ba. Na biyu DTT ko beta-makaftoetanol, sinadaran da ke tsinka haɗin sulfa a furotin: idan aka zuba su tare da NEM, junansu za su cinye, a tashi babu ko ɗaya. NEM ne farko, DTT sai bayan an tafasa samfuri an auna shi.

Ga faranti mai faɗin 10 cm da ƙwayoyi suka cika kashi 80 cikin 100 nasa: a zuƙe ruwan rainon, a wanke sau biyu da ruwan gishiri na PBS mai sanyi da ke ɗauke da NEM 10 mM, a karkata faranti a tsotse ragowar tas. Tsotsewar ba wasa ba ce, domin PBS na da fotasiyam, shi kuma yana daskarar da SDS ya zama farin gari. Sai a zuba 500 µl na ruwan fasawa: SDS kashi 1, Tris 50 mM a pH 7.4, NaCl 150 mM, EDTA 5 mM, NEM 20 mM, da maganin hana narkewar furotin. Wannan ruwan ba a sa shi a ƙanƙara, SDS zai kwanta. A kankare faranti nan take, a kwashe a bututu, a dafa a digiri 95 na minti 5 zuwa 10. Samfurin zai yi yauƙi kamar miyar kuɓewa saboda DNA, kuma idan aka bar shi haka ba zai auno daidai a fifet ba. A buga shi da soniketa, daƙiƙa 10 sau uku, har ya koma ɗiga. A juya a santirifuj a 16,000 g na minti 10 a zafin ɗaki, a ɗauki ruwan sama.

Kada a ɗago ƙwayoyi da tirifsin kafin fasawa, kada kuma a bar faranti goma a kan tebur ana bin su ɗaya bayan ɗaya. SUMO2/3 na amsa canjin yanayi da sauri, na ƙarshe a layi ba zai yi daidai da na farko ba. A riƙa fito da biyu-biyu daga inkubeta. Idan tsoka ce daga jikin dabba, a jefa ta a ruwan naitirojin nan take, a niƙa ta a daskare, garin ya faɗa kai tsaye cikin SDS. Ƙwaƙwalwa na da saurin sauyawa, domin yankewar jini kaɗai na ɗaga ɗaurin SUMO2/3 a cikinta.

A auna yawan furotin da gwajin BCA. Gwajin Bradford ba ya jure SDS mai yawa haka, BCA kuma ba ya jure DTT, wanda dalili ne na biyu na jinkirta zuba shi.

Jel da bulot

A ɗora 20 zuwa 30 µg a kowane rami, a kan jel mai hawa-hawa na kashi 4 zuwa 12. Nauyin SUMO na gaskiya wajen 11 kDa ne, amma a jel yana tsayawa tsakanin 15 da 18, kuma kowane SUMO ɗaya da ya ɗauru yana ɗaga furotin da kimanin 15 zuwa 20 kDa. Ba ƙa'ida ba ce mai tsauri: inda laisin yake a jikin furotin na sauya tafiyarsa.

Kada a yanke saman jel. Sarƙoƙin SUMO2/3 sukan maƙale can sama, wani lokaci a gindin ramin, kuma mai saurin gyara jel da reza yakan zubar da sakamakonsa a kwandon shara. Juyewa zuwa takarda a yi ta a cikin tankin ruwa, volt 30 dare ɗaya a digiri 4, metanol kashi 10, SDS kashi 0.05. Na'urar juyewa ta minti bakwai tana barin manyan a cikin jel. Sai dai abin da ya yi wa manya daɗi yana cutar da ƙarami: SUMO da ke sake yakan ratsa takarda ya wuce a doguwar juyewa. Takarda mai huda 0.2 µm na rage asarar, idan kuma ana son auna na sake da na ɗaure daidai, gara a yi jel biyu, kowanne da tasa juyewar. A rina takarda da Ponceau a ga ko abin da ke sama da 150 kDa ya iso kafin a ɓata antibodi.

A toshe takarda da madara kashi 5 a TBST, ruwan wanke takarda, na awa ɗaya. Antibodin kamfani a fara da 1:1000. Na DSHB da ke zuwa a ruwan raino, a lissafa da nauyi, 0.2 zuwa 0.5 µg a kowane ml. A bar shi ya kwana a digiri 4.

Bulot ɗin SUMO1 mai kyau zai nuna layi ɗaya mai ƙarfi a 90 kDa, wato RanGAP1 da SUMO1 a jikinsa, da wasu layuka marasa ƙarfi a sama. RanGAP1 tsura 70 kDa ne. Na SUMO2/3 ba layuka yake bayarwa ba, dogon shafe ne daga wajen 100 kDa zuwa sama, da layin na sake a ƙasa. Wannan shafen ba datti ba ne, shi ne abin da ake nema.

Layin 90 kDa na da tarko. RanGAP1 mai SUMO1 a ɓoye yake a cikin haɗakarsa da RanBP2 da Ubc9, SENP ba sa kai masa da sauƙi. Yana nan daram ko da an fasa ƙwaya babu NEM. Ganinsa na nuna antibodi na aiki, bai ce komai ba game da ingancin samfuri. Ingancin samfuri a shafen sama ake ganinsa.

Rami huɗu kafin a yarda da antibodi

Jel ɗaya ya isa. Rami na farko ƙwayoyin da ba a taɓa ba. Na biyu waɗanda aka sa a digiri 43 na minti 30, a faranti da aka rufe bakinsa aka ɗora a ruwan zafi, domin iskar inkubeta na jinkirin ɗumama ruwan raino. Na uku waɗanda aka ba ML-792, mai toshe SAE, 1 µM na awa 4. Na huɗu samfurin da aka fasa da gangan a ruwa mai laushi babu NEM aka bar shi rabin awa a kan tebur.

Da antibodin SUMO2/3, shafen zai yi kauri a rami na biyu, layin na sake ya ragu. A na uku da na huɗu shafen zai dushe, na sake ya ƙaru. Duk wani layi da ya tsaya cak a ramuka huɗun, a ɗauka ba SUMO ba ne, wani furotin ne antibodi ya kama bisa kuskure, in ban da na 90 kDa a bulot ɗin SUMO1. A gefe a ɗora SUMO1 da SUMO2 tsantsa, 5, 10 da 50 ng, a ga ko antibodin ɗaya na leƙa ɗayan. Wanda ke da siRNA, guntun RNA da ke rage samar da wani furotin a ƙwaya, ya ƙara rami: rage SUMO1 kaɗai ya kamata ya dusashe bulot ɗin SUMO1 ya bar na SUMO2/3. Don rage SUMO2/3 dole a buga wa SUMO2 da SUMO3 tare. Ubc9 kuma ragewa ake yi na awa 48 zuwa 72, ba a cire shi gaba ɗaya, ƙwayoyin mutuwa suke yi.

Nuna cewa wani furotin na ɗauke da SUMO

Layi a saman furotin ɗinka a bulot zato ne kawai, domin yubikwitin da fosfet ma na ɗaga furotin. Dole a janyo shi da antibodi ɗaya, a duba da wani.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne janyowa a ruwa mai laushi, sannan a ga SUMO a bulot a ce an samu. Furotin da yawa na da ɗan gurbi mai riƙe SUMO ba tare da ɗauri ba, wasu kuma abokan zamansu ne ke ɗauke da shi, misali PML, wani furotin na cikin cibiyar ƙwaya. A ruwa mai laushi duk za su biyo. Saboda haka a fara da samfurin da aka dafa a SDS kashi 1, a tsarma shi ninki goma da ruwa mai sabulun Triton X-100 kashi 1, Tris 50 mM, NaCl 150 mM da sabon NEM 10 mM. SDS ya sauka zuwa kashi 0.1, wanda yawancin antibodi ke jurewa. A sake juyawa a santirifuj, yanzu a sanyi, a zubar da abin da ya kwanta. Ana bukatar kaya da yawa: 2 zuwa 5 mg na furotin ga kowace janyowa, da 2 zuwa 4 µg na antibodin furotin ɗin, da 30 µl na duwatsun furotin G, ƙananan ƙwallayen da ke riƙe antibodi, waɗanda suka fi na furotin A riƙe antibodin ɓera. A haɗa da bututun shaida mai antibodin IgG na banza daga irin dabbar. Wasu antibodi ba sa gane furotin ɗinsu bayan an warware shi, a gwada wannan tukuna da ɗan samfuri.

Babban reshen antibodi na fitowa a 50 kDa, ƙarami a 25, kuma idan DTT ya yi kaɗan za a ga wani a wajen 100. Idan furotin ɗinka 35 kDa ne, mai SUMO zai faɗo daidai kan babban reshe. Mafita ita ce a janyo da na zomo a duba da na ɓera, ko a sayi antibodi na biyu mai ganin ƙaramin reshe kaɗai, ko a ɗaure antibodi a jikin duwatsu da sinadarin ɗauri DMP 20 mM a ruwan boret mai pH 9, a kashe ragowar da etanolamin 0.2 M.

Ana iya juya tsarin, a janyo duk abin da ke ɗauke da SUMO, a duba furotin ɗin a ciki. A nan sanin gurbin 21C7 da 8A2 ke biya. Ɗakin binciken Frauke Melchior a Heidelberg ta Jamus ya fitar da hanyar a 2013: a ɗaure antibodi a duwatsu, a janyo, a wanke, sannan a saki abin da aka kama da ɗan guntun furotin mai jerin gurbin nan, 0.5 mg a ml, a digiri 37 na minti 30. Abin da antibodi ya riƙe da gaske ne kaɗai ke saukowa, dattin da ya liƙe a duwatsu ya zauna. Wannan hanyar na cin antibodi fiye da ta farko nesa ba kusa ba, domin kowane SUMO a ƙwaya na neman gurbi, shi ya sa masu yin ta da yawa ke rainon ƙwayoyin da ke samar da antibodin da kansu.

Hanya ta uku ita ce a sa wa ƙwayoyi SUMO mai wutsiyar histidin, a fasa su a guwanidin 6 M da fosfet 100 mM da Tris 10 mM a pH 8, a kama da duwatsun nikel, a wanke da yuriya 8 M a pH 8 sannan a pH 6.3, a saki da imidazol 200 mM. Guwanidin na kashe SENP nan take. Amma yana daskarewa idan ya haɗu da SDS, don haka samfurin kwatance a ware shi tun farko, kashi ɗaya cikin goma na ƙwayoyin, a fasa a SDS. A ajiye shaida biyu: ƙwayoyin da ba a sa wa komai ba, domin wasu furotin na liƙe wa nikel da kansu, da waɗanda aka sa wa SUMO marar glaisin biyun ƙarshe, wanda ba ya iya ɗauruwa. A ra'ayinmu wannan hanyar ta fi dacewa da farkon bincike. Cika ƙwaya da SUMO na sa ya ɗauru inda ba ya zuwa a al'ada, saboda haka sakamakonta na bukatar a maimaita shi da SUMO na asali.

Da an ga layin, a nemi laisin ɗin. Yawanci yana cikin jeri na huɗu: babban amino asid mai ƙin ruwa irin su aisolusin, balin ko lusin, sai laisin, sai kowane iri, sai gulutamet. A canza laisin zuwa ajinin, layin ya ɓace. Wannan kaɗai bai wadatar ba, tunda yubikwitin da asetil ma kan laisin suke sauka. A canza gulutamet ɗin zuwa alanin a wani gwajin daban: Ubc9 ne ke bukatarsa, sauran ba ruwansu. Shaida mai tabbas da za a riƙa tafiya da ita ita ce RanGAP1 a laisin na 524 ga SUMO1, da PML ga SUMO2/3 bayan an ba ƙwayoyi asenik tirayoksaid 1 µM na awa ɗaya zuwa biyu. Idan aka daɗe da yawa RNF4, furotin da ke ɗaura yubikwitin, zai sa a narkar da PML, layukan su ɓace.

A ƙarƙashin maikiroskof

A kafe ƙwayoyi da farafomaldihaid kashi 4 na minti 10 zuwa 15, a huda da Triton kashi 0.2, antibodin DSHB a 2 zuwa 5 µg a ml. SUMO1 na zana zobe a gefen cibiya da ɗige-ɗige a ciki, SUMO2/3 na cika cibiya da ɗige masu haske a jikunan PML. Hoto ba ya bambance na sake da na ɗaure. Wanke ƙwayoyi da Triton kashi 0.5 a sanyi na minti biyu zuwa uku kafin kafewa na fitar da yawancin na sake, kuma gilashin da aka ba ML-792 ya zauna kusa da kowane gwaji. Haɗuwar launi biyu a wuri ɗaya na nuna suna unguwa ɗaya ne kawai.

Ajiya

Ranar da kwalba ta iso a raba ta ƙananan bututu na 10 zuwa 20 µl. Daskarewa da narkewa akai-akai ne ke kashe antibodi. Inda wuta ke yawan ɗaukewa, a gauraya shi da gilisarol rabi da rabi kafin a sa a firiza mai digiri 20 ƙasa da sifili, ba zai daskare ba balle ya narke, sai a ninka adadin da ake ɗiba. Firizar da ke narkar da ƙanƙararta da kanta ba ta dace ba. Antibodi na farko da aka tsarma ana iya maimaita shi sau da dama idan a BSA (furotin jinin shanu) kashi 3 aka tsarma shi da sodiyam azaid kashi 0.02 aka ajiye a firij, madara kuwa tsami take yi. Azaid na kashe HRP, furotin da ke jikin antibodi na biyu mai fito da layuka, don haka a wanke takarda sosai, kada kuma ya shiga ruwan antibodi na biyu.

A rubuta sunan kulon, lambar kaya da lambar zubi a littafin aiki. Na folikulonal, wato gaurayen antibodi daga jinin zomo, yakan canza hali daga zubi zuwa zubi. Idan sabo ya zo, a ɗora ramuka huɗun nan sau biyu a jel ɗaya, a raba takarda gida biyu, rabi da tsohon zubi rabi da sabo, tun tsohon bai ƙare ba.